Yadda Waya Za Ta Nemo Labari, Ta Kuma Ajiye Maka Rana

A wannan makon mun ɗauko batun da ya shafi darasin kwamfuta. Amma wanda ba ya son kwamfuta kada ya wuce, domin maganar ta taɓa kuɗin mota, da layin asibiti, da ranar jarrabawa, da rigakafin ƙannenmu.

Abin da ya jawo maganar

A zangon karatun da ya wuce, wata 'yar ƙungiyarmu ta yi fashin makaranta ranar Talata. Da ta dawo muka tambaye ta ko lafiya. Ta ce kakanta ta raka wani babban asibiti a birni saboda ciwon ido. Sai da aka sayar da tiya biyar ta wake kafin aka haɗa kuɗin mota. Sun bar Zango bayan sallar asuba, sun isa, sun bi layin kati. Da layi ya zo kansu sai aka ce musu likitan ido ba ya zama ran Talata, su dawo ran Alhamis. A hanyar dawowa tsohon ya dube ta ya ce, "Amaryata, yau dai mun zo mun gaishe da birni." Ita kuwa ta ce ko dariya ta kasa yi, don ta san babu wani waken da za a sake sayarwa a makon nan.

Da muka ji haka kowa ya fara kawo nasa labarin. Wani ya ce yayansa ya kusa rasa jarrabawa saboda bai duba ranar da aka ba shi ba. Wata ta ce an kai ƙanwarta rigakafi aka tarar ranar hutu ce. Duk labaran abu ɗaya suke nunawa: labarin yana nan a wani wuri, amma bai iso ga mai buƙatarsa a kan lokaci ba.

Muka kai maganar wurin malaminmu na kwamfuta. Muka ce, "Malam, shin babu yadda waya za ta riƙa nemo irin wannan labari da kanta, ta tuna wa mutum?" Ya ce akwai, kuma mutane da yawa a duniya da shi suke aiki. Ya ba mu rabin lokacin tara na kwana uku yana yi mana bayani a wayarsa. Abin da muka fahimta ne muka rubuto muku.

Ajiye rana ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Mu mutanen ƙasar Daura mun san ajiye rana tun kafin a san waya. Kowa ya san tarihin rijiyar Kusugu, inda aka ce macijiya ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo ya kashe ta. Wanda ya ɗauki guga ya tafi ran Laraba ya yi tafiyar banza. Haka kasuwar Mai'aduwa, ran Lahadi take ci. Wanda ya ja ragonsa ya tafi ran Litinin sai dai ya tarar da rumfuna. A makaranta ma muna da jadawalin darussa, muna da ƙararrawa.

Abin da ya bambanta yau shi ne ranakun sun yi yawa, kuma suna canzawa. Ranar kasuwa ba ta motsi, amma ranar ɗaukar hoton fasfo, da ranar jarrabawa, da ranar ganin likita, kowane mutum da tasa, kuma ana iya ɗage ta ba ka sani ba. Shi ya sa ake buƙatar mataimaki.

Ma'aikata uku

Malam ya ce mu ɗauka akwai ma'aikata uku a cikin waya. Na farko mai nema, na biyu mai littafi, na uku ɗan aike.

Mai nema shi ne manhajar bincike ta intanet. Wadda aka fi sani ita ce Google, wadda wasu ɗalibai biyu na jami'ar Stanford a Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka kafa kamfaninta a 1998. Mutane da yawa suna zaton idan ka rubuta tambaya, a lokacin ne Google ke zagaya duniya yana nemo amsa. Ba haka ba ne. Tun kafin ka tambaya, akwai wasu ƙananan manhajoji da ke bin shafukan intanet dare da rana, daga wannan shafi zuwa wancan, suna karantawa suna adanawa. Abin da suka tara ana jera shi kamar fihirisar da ke bayan littafi, inda ake nuna maka kalma kaza tana shafi kaza. Idan ka yi tambaya, wannan fihirisa ake dubawa, sannan a jero maka shafukan da ake ganin sun fi dacewa. Ku riƙe wannan da kyau: abin da ba a sa a intanet ba, mai nema ba zai taɓa ganinsa ba. Za mu dawo kan wannan magana.

Mai littafi shi ne manhajar kalanda ko ta ajiye lokacin ganawa. Google Calendar, wadda ta fito a 2006, tana cikinsu. Kana rubuta abin da za ka yi da rana da lokaci, ita kuma ta buga maka ƙara idan lokacin ya kusa. Akwai kuma wata mai suna Calendly, wadda aikinta ya ɗara haka. Misali likita zai nuna mata cewa yana ganin mutane ran Alhamis daga ƙarfe 9 zuwa ƙarfe 1, kowane mutum minti 20. Manhajar za ta yanka lokacin gida-gida, ya zama gurbi 12. Kai kuma daga gida za ka buɗe ka zaɓi gurbin da babu kowa. Da ka zaɓa, gurbin ya rufe, wani ba zai iya ɗauka ba, kuma kai da likitan kowa zai samu saƙo.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne wanda ya ƙirƙiro Calendly ɗan Najeriya ne. Sunansa Tope Awotona, a Legas aka haife shi. Yana da shekara 12, wato kusan sa'anmu, 'yan fashi suka kashe mahaifinsa. A 1996 iyalinsu suka koma birnin Atlanta a Amurka. Ya gwada sana'o'i da dama ba su yi ba. A 2013 ya zuba ajiyarsa ya kafa Calendly, saboda ya gaji da aika saƙo ana dawo masa da saƙo kafin a tsayar da lokacin ganawa ɗaya tak. A farkon 2021 an yi wa kamfanin ƙimar dala biliyan 3. Ashe ƙaramar damuwa irin ta "yaushe za mu haɗu?" tana iya zama babbar sana'a.

Sai na uku, ɗan aike. Mai nema da mai littafi ba sa magana da juna. Ɗaya ya san labari amma ba ya riƙe rana, ɗaya yana riƙe rana amma bai san abin da ke faruwa a waje ba. Yawanci mutum ne ke tsayawa a tsakaninsu: ka bincika, ka karanta, ka kwafe, ka buɗe kalanda, ka rubuta. Idan ka manta ko ka shagala, shi ke nan. Ɗan aike manhaja ce da ke yin wannan zirga-zirga a madadinka. Daga cikin irinsu akwai Zapier, wadda aka fara a 2011, da IFTTT, da Make, da n8n, da Power Automate ta kamfanin Microsoft.

Dokar "idan… to…"

Duk waɗannan 'yan aike doka ɗaya suke bi. Sunan IFTTT ma gajarta ce ta wata jimlar Turanci mai nufin "idan wannan ya faru, to a yi wancan". Mu ma da wannan doka muke rayuwa a makaranta. Idan ƙararrawa ta buga, to kowa ya shiga aji. Idan malami ya shigo, to a miƙe a gaishe shi. Ba sai shugaban makaranta ya zo ya faɗa kullum ba, an riga an kafa dokar.

Kowace sarƙar aiki tana da mafari, wato abin da ke tayar da ita, kamar shigowar sabon saƙo ko cikar ƙarfe 7 na safe. Tana da sharaɗi, wato tankaɗen da ke raba abin da ake so da wanda ba a so. Tana kuma da aiki, wato abin da za a yi a ƙarshe, kamar rubuta rana a kalanda ko aika saƙon tes.

Muka tambayi Malam, ta yaya manhajar wani kamfani take shiga ta wani kamfani? Ya ce ba shiga take yi ba. Kowace babbar manhaja tana da wata taga da masana ke kira API. Ya ce mu tuna tagar ɗakin magani a asibiti. Ba ka shiga ciki ka ɗebo magani da kanka. Takarda kake miƙawa ta taga, a rubuce yadda aka tsara, su kuma su miƙo maka abin da ka nema. Haka ɗan aike yake miƙa buƙata ta tagar mai nema ya karɓo sakamako, sannan ya miƙa ta tagar mai littafi a rubuta. Kuma ba a karɓar takardarsa sai mai wayar ya ba shi izini tukuna.

Misali na farko: ɗan aji shida da JAMB

An kafa hukumar JAMB a 1978. Tun daga 2015 duk jarrabawarta ta shiga jami'a da kwamfuta ake yi, kuma tun 2021 sai da lambar NIN ake rajista. Yayyenmu da suka yi rajista sun san ana tura kalmar NIN da lambobi 11 ta saƙon tes zuwa 55019, sai amsa ta dawo da lambar da za a ci gaba da ita. Babu wani ma'aikaci da ke zaune yana amsa saƙonnin nan ɗaya bayan ɗaya. Dokar "idan… to…" ce ke aiki: idan saƙo ya shigo, to a duba lambar a rumbun hukumar katin ɗan ƙasa, idan ta yi daidai, to a mayar da amsa. Ke nan mun daɗe muna amfani da abin ba mu san sunansa ba.

Kafin jarrabawa hukumar takan sanar da ranar da za a fara fitar da takardar da ke nuna wa kowane ɗalibi cibiyarsa da ranarsa da lokacinsa. Ga yadda Malam ya nuna mana za a iya haɗa sarƙar:

1. A buɗe Google Alerts, wani sashe na Google da ke aiko da saƙo duk lokacin da sabon shafi ya fito da kalmomin da ka zaɓa. A sa masa kalmomin da suka shafi fitar da takardar jarrabawar JAMB.
2. A gaya wa ɗan aike: idan saƙo ya shigo daga Google Alerts, to ka ɗauka.
3. A sa sharaɗi: idan labarin ba daga shafin hukumar ba ne, wato jamb.gov.ng, ko wata jaridar da aka amince da ita, to ka watsar.
4. Idan ya tsallake sharaɗin, to a rubuta a kalanda cewa yau a duba sanarwar JAMB, a liƙa adireshin shafin.
5. Kalanda ta buga ƙara da yamma, lokacin da aka tashi daga makaranta.

Ku lura, ba mu ce ɗan aike ya yanke hukunci ba. Cewa muka yi ya tuna wa ɗalibi ya je ya duba da idonsa.

Hukumar shige da fice ma ta bi wannan hanya. Tun watan Janairu 2024 ta ƙaddamar da sabon tsarin neman fasfo ta intanet. Mutum yana cike bayanansa, ya biya kuɗi, ya zaɓi ranar da zai je a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Mu da ke bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, da iyayenmu masu niyyar Hajji da Umara, wannan ya shafe mu kai tsaye.

Misali na biyu: katin rigakafi

Wannan shi ne misalin da ya fi shiga ranmu, domin kusan kowa a ƙungiyarmu yana da ƙane ko ƙanwa a goye. A Najeriya ana yi wa jariri rigakafi da zarar an haife shi, sannan a sati 6, sati 10, sati 14, sai wata 9, sai wata 15. Na wata 9 ya haɗa da na ƙyanda da na shawara, na wata 15 kuma shi ne zagaye na biyu na ƙyanda.

Muka ɗauki misalin jaririn da aka haifa ran Litinin 20 ga Janairu 2025, muka yi lissafi a allo. Sati 6 kwana 42 ne, ya faɗa 3 ga Maris. Sati 10 ya faɗa 31 ga Maris. Sati 14 ya faɗa 28 ga Afrilu. Wata 9 ya faɗa 20 ga Oktoba, wata 15 kuma 20 ga Afrilu 2026. Wannan lissafi ɗan aike zai yi shi cikin ƙiftawar ido, ya zuba duka ranakun a kalanda, da zarar an ba shi ranar haihuwa.

To ina amfanin mai nema a nan? Ku dubi 31 ga Maris 2025. A shekarar an yi ƙaramar Sallah ran Lahadi 30 ga Maris, kuma Gwamnatin Tarayya ta ba da hutu ran Litinin 31 ga Maris da Talata 1 ga Afrilu. A watan Janairu, lokacin da aka haifi jaririn, ba a riga an sanar da wannan hutu ba. Saboda haka sai a ƙara wa sarƙar doka ɗaya: idan saura kwana uku ranar rigakafi ta zo, to a bincika ko an ba da hutu a ranar. Idan an bayar, to a aika wa uwa saƙo cewa ta tambayi ma'aikaciyar asibiti ranar da za ta kawo yaro. Kuma idan aka ɗage na sati 10 zuwa Laraba 2 ga Afrilu, na gaba ma zai matsa, domin ana barin aƙalla sati huɗu tsakanin waɗannan allurai. Zai koma 30 ga Afrilu ko bayan haka. Mutum yana iya gyara rana ɗaya ya manta da ta gaba, amma sarƙar da aka tsara da kyau za ta gyara su tare.

Mun gwada ba tare da waya ba

Da yake ba kowa ke da babbar waya ba, kuma an hana zuwa da waya makaranta, sai muka mayar da abin wasan kwaikwayo a aji. Ɗaya ya zama mai nema, muka ba shi tarin tsofaffin jaridu da takardun sanarwa. Ɗaya ta zama mai littafi, ta zana kalandar wata a allo. Ɗaya ya zama ɗan aike, muka rubuta masa doka a takarda, muka ce kada ya yi komai sai abin da ke rubuce.

Dokar ta ce: idan ka ga sanarwa mai kalmar Zango da rana, to ka kai wa mai littafi. Malam ya ɓoye wata takarda a cikin tarin, mai ɗauke da sanarwar taro a Zangon Kataf. Ɗan aike ya ɗauka da gudu ya kai, mai littafi ta rubuta a allo. Aji ya fashe da dariya, domin Zangon Kataf a Jihar Kaduna yake, tafiya ce mai nisa daga nan. Ɗan aike ya ce shi ba ruwansa, abin da aka rubuta masa ya bi. Malam ya ce ya yi gaskiya, kuma haka kwamfuta take. Ba ta da laifi, ba ta kuma da hankali. Laifin na wanda ya rubuta dokar ne. Muka gyara ta koma: Zango da Daura, ko Zango da Katsina.

Inda ɗan aike yake tuntuɓe

Daga wannan wasa da bayanin Malam, ga kurakuran da muka gano.

Na ɗaya, suna iri ɗaya. Ban da namu Zango da na Kataf, a ƙasar Gana unguwannin Hausawa da sauran baƙi a Kumasi da Ankara ma zango ake ce musu.

Na biyu, tsohon labari. Mai nema yana iya kawo sanarwar bara kamar ta bana. Idan ba a sa sharaɗin duba shekara ba, za a ajiye maka ranar da ta riga ta wuce.

Na uku, yadda ake rubuta rana. A wurinmu 3/4 na nufin 3 ga Afrilu. A Amurka kuwa wata suke fara rubutawa, saboda haka 4 ga Maris suke nufi. Manhajoji da yawa a can aka yi su.

Na huɗu, bambancin agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu. Idan ɗan uwanka a Makka ya ce zai kira ƙarfe 8 na dare agogonsu, a nan ƙarfe 6 ne na yamma.

Na biyar, ganin wata. Kalandar waya tana iya nuna ranar Sallah tun farkon shekara, amma hasashe ne. A Najeriya sai an ga wata, Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar daga Sakkwato. Duk abin da ya rataya a kan watan Musulunci, kamar azumi da Sallah da Sallar Gani da ake yi a Daura a watan Rabi'ul Awwal, sai a jira sanarwa.

Na shida, 'yan damfara. Akwai shafukan ƙarya da ke kwaikwayon na hukuma, su ce ka biya kuɗi a ajiye maka rana. Shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya yawanci da .gov.ng suke ƙarewa. Kada a ba kowane shafi lambar sirri ta katin banki. Kada a saka NIN ko BVN a inda ba a tabbatar ba. A watan Yuni 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, kuma ta ce bayanan yaro sai da yardar iyaye ko mai kula da shi. Saboda haka mu 'yan ƙaramar sakandare, duk abin da za mu buɗe a intanet mu fara gaya wa iyayenmu.

Na bakwai, kuɗi da wuta. Sarƙar tana cin data. Manhajojin 'yan aike suna da kason kyauta amma yana da iyaka, idan aiki ya yi yawa sai an biya. Ita sarƙar a kwamfutocin kamfani take gudana ko da wayarka a kashe take, amma idan babu caji ko babu sabis, saƙon ba zai same ka ba.

To da kakan abokiyarmu fa?

A ƙarshe muka tambayi Malam abin da ya fi damunmu. Muka ce, "Malam, da an haɗa wannan sarƙa, da kakan nan bai yi asarar wakensa ba?" Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce ya danganta. Idan asibitin ya sa ranakun likitocinsa a intanet, mai nema zai gani. Idan kuwa a kwali aka rubuta aka manna a bangon ɗakin kati, duk Google na duniya ba zai gani ba.

A nan muka gane cewa babbar matsalarmu ba rashin manhaja ba ce kawai. Labaran da muka fi buƙata a Zango da ƙauyukanta da yawansu ba su hau intanet ba. Suna bakin mai shela, suna wurin mai unguwa, suna cikin sanarwar masallaci bayan sallah, suna rediyo, suna manne a bango kamar wannan jarida tamu. Sarƙa kuwa ba ta fara aiki sai wani ya fara rubuta gaskiyar labari ya ajiye inda za a gani, ya kuma gyara shi idan ya canza.

Saboda haka muna roƙon hukumomin lafiya da na ilimi, da shugabannin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, wato Daura da Zango da Baure da Mai'aduwa da Sandamu, su riƙa sa ranakun asibiti da na rigakafi da na rajista a inda waya za ta iya gani, da Hausa, tare da lambar da za a kira a ɗauka. Wannan bai kai gina sabon ɗaki tsada ba, amma zai hana tsofaffi da masu goyo tafiyar banza.

Abin da za mu iya yi tun daga yau

Kafin a kai can, mu ɗalibai muna iya zama 'yan aiken gidajenmu, tunda Allah ya sa mun iya karatu da lissafi.

Yau idan ka koma gida, ka roƙi Inna ta nuna maka katin rigakafin ƙanenka. Ka duba ranar da aka rubuta za a dawo. Ka rubuta ta a kalandar bango ko a bayan littafinka. Ko ƙaramar waya mai madannai tana da kalanda da ƙararrawar tuni, ka nemi izini ka saita ta ta buga ana gobe.

Idan za a kai wani asibitin nesa, a fara tambayar ma'aikacin lafiya na kusa, ko wanda ya taɓa zuwa, ko a kira a ji ranar da likitan yake zama. Matambayi ba ya ɓata.

Idan kana da yaya mai shirin jarrabawa, ka tuna masa ya duba takardarsa sau biyu: rana, lokaci da cibiya. Idan cibiyar a wani gari take, ya san wurin tun kafin ranar.

Mu ma a ƙungiya mun ɗauki wa kanmu aiki. Daga fitowa ta gaba za mu ware gefen dama na wannan allo mu sa masa suna "Ranakun Mako". Duk ranar Litinin mutum biyu za su tattaro sanarwa daga ofishin makaranta da wurin malamai, mutum ɗaya ya tabbatar da ita, mutum ɗaya ya rubuta. Ba za mu manna komai ba sai mun san daga inda ya fito. Wanda yake da sanarwar da za ta amfani ɗalibai ko iyaye, ya kawo wa sakataren ƙungiya kafin a tashi ran Juma'a.

Ga kuma aikin gida ga mai so. An haifi jaririya ran Alhamis 1 ga Mayu 2025. Wace rana ce za ta cika sati 6, da sati 10, da sati 14? A rubuta amsa da suna da aji a jefa a akwatin ƙungiya. Za mu manna sunayen mutum biyar na farko da suka ci.

Muna godiya ga malaminmu na kwamfuta da ya ba mu lokacinsa da datarsa, da uban ƙungiya da ya duba mana rubutun. Kakan abokiyarmu kuma an samu an mayar da shi asibiti ran wata Alhamis, likita ya gan shi, yana samun sauƙi. Allah ya ƙara masa lafiya, ya ba mu ilimi mai amfani, amin.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga wakilin aji biyu na ƙaramar sakandare, a madadin Ƙungiyar 'Yan Jarida.